Ranar da Basri Ya Janye Yaransa daga Fili

Yayana Basri bai gaji mahaifinmu ba. Mahaifinmu manomin kanumfari ne a tudun Wailatu, mutum mai son zama wuri ɗaya. Basri kuwa tun yana ƙarami idan aka ba shi gadin shanyar kanumfari, sai a tarar da tabarma a rana kaji na tona ta, shi yana can bakin teku yana buga ƙwallo. An doke shi a kan haka har aka gaji.

A garinmu son ƙwallo irin nasa ba baƙon abu ba ne. Filinmu shi ne yashin da teku ke bari idan ruwa ya janye, siriri ne, ga ruwa ta nan ga bishiyoyin kwakwa ta can. Wurin bai isa a yi dogon bugu ba. Ko ka wuce mutum da ƙwallo a ƙafarka, ko ta faɗa ruwa ka tsunduma ɗauko ta ana yi maka dariya. Shi ya sa duk yaron Wailatu ya iya yanka kafin ya iya ɗaura zanen da mazanmu ke salla da shi.

Basri ya iya ƙwallo, amma bai kai waɗanda ake kwasa zuwa Jawa, tsibirin manyan biranen ƙasarmu, ba. Ya je gwaji a Ambon, babban birnin yankinmu, aka ce masa ya yi gajarta. Ya dawo gida, ya ci tuwon sagu, na garin da muke tatsa daga itace, da miyar kifi, ya wanke hannu, bayan 'yan makonni sai muka ji ya sami aiki a jirgin kamun kifi na mutanen waje. Mahaifiyarmu ta yi kuka, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.

Ya daɗe a teku. Sauran ma'aikatan jirgi idan an tsaya a gaɓa, kasuwa suke nufa ko wurin shaƙatawa. Basri unguwanni yake bi yana neman inda yara ke wasa, ya tsaya ya yi kallo, idan an rasa mutum ya tuɓe takalmi ya shiga. Da ya dawo hutu, labarin da muke sha ke nan a tsakar gida. Ya ce a Montevideo ya ga yaro bai fi shekara bakwai ba an kwashe masa ƙafa ya faɗi a kan tsakuwa, gwiwa na jini, kakarsa na bakin fili, maimakon ta lallashe shi sai ta daka masa tsawa ya tashi. Ya tashi kuwa, ya bi wanda ya kayar da shi ya ƙwace ƙwallon. A Busan ya ga yara a layi suna zagaye fili har wani ya yi amai, ya goge baki ya koma layi. Amma wurin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Las Palmas, inda ya ce ya shiga cikin wasu 'yan yara ya yi ta bin ƙwallo kamar mahaukaci bai taɓa ta ba, suna miƙa wa juna ita kamar masu raba goro a wurin ɗaurin aure.

Daga nan ya samo maganarsa, wadda duk Wailatu ta haddace don yawan maimaici. Ya ce kowace ƙasa akwai abin da take jin kunya, kuma shi take koya wa 'ya'yanta su guje wa a fili. Wasu kunyarsu a kayar da kai ka ƙi tashi. Wasu kunyarsu gajiya. Wasu kunyarsu a karɓe ƙwallo a ƙafarka. Mu a bakin tekun nan, kunyarmu ita ce ka ji tsoron mutumin da ke gabanka. Abin da ke ba shi haushi, in ji shi, manyan makarantun ƙwallo na birni sun ari kunyar wasu sun yafa, har sun koma jin kunyar kansu.

Injin jan koma ne ya kawo ƙarshen aikinsa. Ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, aka sallame shi. Ya dawo ya auri Ramla 'yar maƙwabtanmu, ya sayi babur yana acaɓa tsakanin kasuwa da tashar jirgin ruwa. Da la'asar kuma sai ya jingine babur a gindin kwakwa ya tara yara. Ba wanda ya naɗa shi koci. Yaran ne suka fara kiransa haka, iyaye suka bi.

Da a bakin teku abin ya tsaya, da ba wanda ya saɓa da shi. Amma ya ce yaron da bai taɓa karawa da baƙo ba bai san kansa ba, don haka sai an kai su gasa a Jawa. Ni na fara ce masa ya haukace. Ni kuma aka fara ɗora wa aikin, domin ni ce mai banda kifi a gidanmu. Mu mata muka yi ta banda muna kaiwa kasuwa, maza suka riƙa ware wani abu daga kanumfarinsu, har aka haɗa abin jirgi. Tun daga wannan tafiya na zama mai dafa wa ƙungiya abinci, ba tare da an tambaye ni ko ina so ba.

A saman jirgi muke kwana, kan tabarmi, kusa da ƙananan kwale-kwalen ceto. Kowace safiya Basri yakan tayar da yaran su yi atisaye a ɗan lungun da ke tsakanin buhunan albasa da bangon ƙarfe. Ƙwallo nawa teku ta ci a wannan hanya, Allah kaɗai ya sani.

Tafiyarmu ta farko Surabaya, wani babban birni a Jawa, mun sha kashi. Yaranmu ba su taɓa ganin fili mai faɗi haka ba, ga ciyawa a kwance kamar darduma. Duk suka ɗunguma kan ƙwallo kamar ƙudaje a kan mangwaro, 'yan birni kuwa suka baje, suka yi ta zagaye su suna zura mana. Bayan wasa wani koci mai suna Pak Wiryo, wato Malam Wiryo a harshenmu, dattijo mai sanyin magana wanda ke da makarantar ƙwallo a garin, ya zo ya gaishe da Basri. Ya ce bai taɓa ganin ƙafafu irin na yaran nan ba, amma hasara ce a bar su haka, a koya musu fasin da tsayuwa a gurbi. Basri ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ya gode, amma shi bai ƙetaro teku don ya mai da 'ya'yan mutane 'yan aike ba, wannan ya ba wancan, wancan ya ba wancan.

Da muka koma gida sai ga shi ya raba yara gida-gida a kan yashi yana koya musu fasin. Na tsaya da kwandon kifi a kaina na kira shi yadda muke kiran yaya, na ce, "Abang, yau kuma 'yan aike ake horarwa?"

Bai kalle ni ba ya ce, "Wannan na Las Palmas ne. Ni na gano shi da idona, ba wanda ya koya mini."

Haka yake. Zai karɓi gaskiya, amma ba zai yarda daga hannunka ya karɓa ba. Abu ɗaya ne bai taɓa sassautawa a kai ba: duk yaron da ya sami mutum ɗaya a gabansa ya juya baya da ƙwallo don tsoro, zai fita ya zauna. Wanda ya gwada yanka aka ƙwace, ko sau goma ne, ba ya ce masa komai.

Muka yi ta zuwa, shekara bayan shekara. Kashin ya ragu, muka fara cin wasu. Sai aka zo shekarar Idham.

Idham ɗan Husen masunci ne. Wata ɗaya aka haife su da 'yata ta biyu, ni na kai wa uwarsa ruwan zafi, don haka ba mai ba ni labarin shekarunsa. Amma dogo ne kamar ubansa, baƙi, kuma jan koma tun yana ƙarami ya buɗa masa kafaɗu. Idan ya tsaya cikin 'yan ƙasa da shekara sha biyu sai ka ce yayansu ne ya rako su. Ga shi da kunya, ko abinci zan ƙara masa sai ya sunkuyar da kai.

A wannan gasar yaranmu suka fito daga rukuni ba a doke su ba. A wasan da idan muka ci za mu kai kusa da na ƙarshe, aka haɗa mu da wata makaranta ta masu hali. Iyayensu sun zo da lema da kujerun naɗewa da akwatunan ƙanƙara, sun cika gefe guda. Mu a namu gefen ni ce da Ramla da tukunyar rogo. Kafin hutun rabin lokaci Idham ya ci biyu. Ta biyun ma sai da ya zura wa ɗan bayansu ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya zagaya ya ɗauka, ya yanke gola, sannan ya tura ta raga a hankali.

Daga nan maganganu suka fara tashi daga ƙarƙashin lemomin. Wani ya ce a tambayi yaron 'ya'yansa nawa. Wata mata ta ce mutanen gabas, wato mu, ai haka suke, da gemu ake haifarsu. Aka yi dariya. Idham ya ji, domin na ga ya sunkuyar da kai yana jan gefen jesinsa.

Ana busa hutu sai ga wani mutum daga kwamitin gasa, da rigar kwamiti da katin wuya, tare da wata likita riƙe da 'yar fitila. Ya ce an kawo ƙorafi a kan lamba tara, za a duba haƙoransa a tabbatar da shekaru. Basri ya ce ai an tantance takardun kowa kafin a fara gasa. Mutumin ya ce takarda kowa na iya yin ta.

"To madalla," in ji Basri. "A jera su duka, namu da nasu, a duba. Ni ma ga nawa bakin idan ana so."

"Pak, a kan yaro ɗaya aka yi ƙorafi. Minti ɗaya ne, ba wani abu ba ne."

"A nan? A gaban mutanen can?"

"Idan shekarunsa daidai ne, me ake tsoro?"

Suna wannan magana, Idham ya riga ya matso. Yaro ne mai biyayya, ya ga manya, ya ga likita. Ya tsaya a gabanta ya ɗaga kai ya buɗe baki, ya runtse ido. Can gefe wasu iyaye suka miƙe tsaye suna ɗaga wayoyi.

Basri ya sa hannunsa mai yatsu uku a ƙarƙashin haɓar yaron, ya rufe masa baki a hankali. Ya ce da mutumin, "A garinmu akuya ake yi wa haka, ranar kasuwa." Sannan ya juya ga yaran ya ce kowa ya ɗauki gorar ruwansa.

Mutumin ya bi shi yana cewa idan suka fita an ba wa ɗaya ɓangaren wasa, kuma ƙungiyar ba za ta ƙara shiga gasar ba. Basri ya ce ya ji. Yaran suka tsaya cirko-cirko, suna gaba da ci biyu, ba su gane ba. Golanmu ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Basri ya ɗaga shi ya saɓa a kafaɗa, ya wuce gaba, sauran suka bi shi a layi ta gaban lemomin. Ba wanda ya yi dariya a lokacin.

Ni raina ya ɓaci, kuma ba da kwamiti kaɗai ba. A wurin ajiye motoci na tare shi. Na ce masa yaron nan shekarunsa daidai ne, ni shaida ce, da ya bari an duba da su za su ji kunya, mu mu ci wasanmu. Na tuna masa hayaƙin da mata suka sha kafin a zo nan.

Ya ce, "Lela, na san shekarunsa. Su ma da sun duba za su sani. Amma daga yau duk inda ya ci ƙwallo mai kyau, zai tsaya ya jira a zo a buɗe masa baki. Ban kawo shi ya koyi wannan ba."

Na ce ai ba shi kaɗai ne yaro a ƙungiyar ba. Ya tuɓe silifas ɗinsa ya ajiye biyu a nan, ya karɓi nawa ya ajiye can a matsayin ragogi, ya raba yaran gida biyu a tsakanin motoci ya ce a ƙarasa rabin da ya rage. Da hawaye suka fara, amma yaro yaro ne, ba a jima ba suka shiga ihu suna yanke juna a kan kwalta, har mai gadi ya zo ya kore mu. Pak Wiryo ya same mu a bakin ƙofa. Ya ce abin da aka yi bai dace ba, kuma zai yi magana, amma Basri ya taimake shi da kalmar ban haƙuri ko guda ɗaya don ya sami abin riƙewa. Basri ya ce idan akwai mai ba da haƙuri, ga Idham nan a tsaye, a zo a ba shi.

Labari ya riga mu isa gida. Ranar da muka sauka, mai gari ya tara iyaye a zaurensa bayan sallar la'asar. Wasu suka ce Basri ya yi daidai, ya ƙwato wa garin mutunci. Mafi yawa suka ce mutunci ba ya kai yaro gaban masu ɗaukar 'yan wasa, kuma girman kan mutum ɗaya ya rufe wa 'ya'yansu ƙofa. Kowa na jiran ya ji bakin Husen, uban Idham, mutumin da ba ya magana sai dole. Da ya buɗe baki bai goyi bayan Basri ba. Ya ce shi an sha duba shi a rayuwa, a tasha, a ofis, a bakin banki, bai mutu ba. Ya ce da ɗansa ya ƙare a jan koma irinsa, gara a duba haƙoransa sau ɗari.

Na kalli Basri. Wannan ta shige shi fiye da duk abin da aka faɗa a Surabaya. Mai gari ya nemi ya kira kwamitin ya ba da haƙuri a wuce wurin. Basri ya miƙe, ya gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata, ya ce duk wanda yake so ya cire ɗansa ba zai riƙe shi a zuciya ba, amma shi ba zai ba da haƙuri a kan abin da zai sake yi gobe ba. Ya sa takalminsa ya fita.

Fiye da rabin yaran aka janye. Akwai waɗanda suka daina hawa babur ɗinsa, su gwammace su jira wani a rana. Ramla ta sha habaici a bakin rijiya. Shi kuwa kowace la'asar yana bakin teku da 'yan tsirarun da suka rage, wata rana ma ba su isa a raba gida biyu ba sai ya shiga da kansa.

Husen ya tura Idham makarantar Pak Wiryo. Na zaci Basri zai ƙi zuwa rakiya. Sai ga shi da sassafe a ƙofar gidansu da babur, shi ya kai yaron tasha. Idham ya gaya mini daga baya cewa a hanya Basri ya ce masa ya kwashe duk abin da tsohon nan ya sani, kada ya bar masa ko ƙwaya, domin ya san aikinsa. Wannan yabon bai taɓa yin sa a gaban Pak Wiryo ba.

Da Jawa ta rufe, sai ya juya wani wajen. Ya kai yaransa Ternate, ya kai su Makassar, har Sorong mun je. Ƙananan gasa ne, wasu filayen ma awaki ake kora kafin a fara. Sannu a hankali iyaye suka riƙa dawo da 'ya'yansu, ba don sun yarda ya yi daidai ba, sai don ba wani a Wailatu da zai kwana a saman jirgi yana gadin 'ya'yan mutane kyauta. Shekaru bayan haka aka canza mutanen kwamitin can, aka aiko cewa ƙofa a buɗe take. Basri ya tambaya ko yanzu kowa ake dubawa ko wanda aka nuna. Aka ce ba a canza wannan ba tukuna. Ya ce to a gaishe su.

Idham ya zama ɗan wasa. A Surabaya suka mai da shi ɗan baya saboda tsayinsa, yanzu yana buga wa wata ƙungiya a rukuni na biyu, yana aiko wa ubansa abin da ya sawwaƙa. Duk ƙaramar salla yana zuwa gida, kuma gidan Basri yake fara sauka, ya sumbaci hannunsa, su zauna su yi ta musu. Basri ya ce an ɗauki damisa an mai da ita karen gadi. Idham ya ce karen gadi ne ke cin albashi. Har yau Idham yana cewa da an bari an duba shi a ranar, da sun ɗauko kofin nan. Basri yakan ce ƙwarai kuwa, da sun ɗauko, sannan ya tura masa farantin soyayyar ayaba.

Bana ciwon suga ya taɓa masa ƙafar dama. Wani ɗan rauni da ya ji a babur ya ƙi warkewa, likita a Ambon ya ce ya huta, ban da doguwar tafiya, ban da tsayuwa a rana. Ramla ta kira ni mu haɗu mu yi masa magana, domin akwai gasa a Makassar wata mai zuwa. Muka same shi a baranda ya ɗora ƙafar a kan kujera yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallo. Muka yi ta bayani, ni na kawo misalin wane da aka yanke wa ƙafa, Ramla ta kawo na wane. Ya saurare mu bai katse mu ba.

Da muka gama ya ce likita ya yi gaskiya, kuma zai bi maganarsa: a jirgi a kwance zai tafi, a fili kuma a zaune zai yi koci. Sannan ya tambaye ni ko na fara neman itacen banda, don kada mu makara kamar bara.